Kwalba Dubu Shida Kafin Disamba

Litinin, 6 ga Nuwamba, 12:40 na rana

Yanase-san mai yin shoyu, wato ruwan waken soya mai gishiri na girki, ya zo ofis da safe, hularsa a hannu. Wurin shugaban sashenmu Okonogi-san ya zo, ba wurina ba, amma teburina ne a bakin ƙofa, don haka babu abin da ya wuce ni. Ya ce ranar ɗaya ga Disamba zai fara ɗura shoyun kyautar ƙarshen shekara, kuma manyan kwalabe wankakku dubu shida yake buƙata. Goggo Tsuneyo, wadda take wanke wa gidansu kwalba tun zamanin babansa, dubu ɗaya da ɗari tara kawai ta iya tarawa bana. In ba su cika ba zai sayi injin ɗura kwali, irin kwalin madara. In kuwa injin ya shigo, to ya shigo ke nan, rumfar wankin Goggo ta tashi aiki.

Okonogi-san ya yi ta zuƙar iska ta haƙori yana cewa, "Kai, abin da wuya, abin da wuya." Da Yanase-san zai fita sai ya rusuna mini ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Chizuru-san." Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na buɗe abincin rana na sake rufewa.

Talata, 7 ga Nuwamba, 6:15 na yamma

Shekara goma sha ɗaya ke nan lambar garinmu tana hannuna. Duk abin da mutane suka fitar daga gida a matsayin shara ina auna shi, in fitar da kilo nawa cikin kowane ɗari ne ya koma aka sake sarrafa shi maimakon a ƙona. Sau ɗaya a shekara in cika fom in aika babban birni, can su haɗa da na sauran garuruwa, a san inda ƙasa ta kai a ƙoƙarinta na daina zubar da abin da zai iya zagayowa. Ina son aikin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ƙasa guda ta zauna tana auna bolarta kilo-kilo don ta gyara halinta, ni abin yana burge ni har yau.

A Afrilu sakamako ya fito, mun sauko daga arba'in da ɗaya zuwa talatin da takwas. Daga na biyu a lardi muka koma na biyar, kuma garin da ke ƙasan kogi, waɗanda muke wa dariya, suka haye mu. Aka faɗa a lasifikar gari. Sati guda tsofaffi ba sa iya haɗa ido da ni a kanti, kamar su ne suka faɗi jarrabawa.

A Yuni waccan takarda ta zagaya. Ba yau zan yi maganarta ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba, 1:05 na rana

Ranar tara gilas. Tun bakwai layi ya kai har gadar makaranta, kowa rungume da kwalabensa, an wanke, an ɓare takarda, an goge. Da can babbar kwalbar shoyu in ta ƙare kanti ake mayar da ita, Goggo ta biyo da 'yar a-kori-kurarta ta kwashe, ta wanke, Yanase-san ya sake cikawa. Ba ta taɓa hawa sikelina ba, tunda ba a taɓa zubar da ita ba. Yanzu duk nan suke zuwa. Kowace ɗaya kusan kilo guda ce, sikeli yana son su ƙwarai. Daga nan mota ta kwashe a je a niƙa.

Wani dattijo ya ajiye guda huɗu ya ce, "Chizu-chan, yaya, mun kamo mutanen ƙasan kogi kuwa?" Na ce mun kusa. Ya yi dariya har da tafi ya ce, "Ai mun ce ba za mu ba ki kunya ba."

Gaskiya ce na faɗa masa. Mun kusa ɗin.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, 7:30 na safe

Mama ta zuba mini shinkafa da miya ba ta ce uffan ba. Ajinsu ɗaya da Goggo tun firamare.

Asabar, 11 ga Nuwamba, 5:20 na yamma

Na je rumfar. Sau biyu na wuce ƙofar kamar ina da aike a gaba, a na uku ta kira ni daga ciki. "Chizu-chan, in ba ki shigo ba takalminki zai cinye mini titi."

Shekararta saba'in da huɗu, tsayinta bai kai kafaɗata ba. Tana da tsohon injin wanki mai zafi wanda ya girme ni, amma aikin gaske a hannunta yake. Ta ɗauki kwalba, ta zagaya bakin da babban yatsa, ta sansana, ta ɗaga wa taga, ta ajiye dama ko hagu. Duka bai kai numfashi biyu ba. Wadda aka taɓa zuba wa kananzir tana ganewa ko da an wanke sau goma. Ta miƙo mini ɗaya ta ce in nemo aibinta. Na juya, na juya, na ce lafiyarta lau. Ta kama yatsana ta ɗora a gefen bakin, sai ga wata 'yar ɓalla kamar ƙwayar riɗi. "Wannan in an rufe, iska za ta shiga, shoyu ya yi tsami, a ce Yanase ya lalace. Hagu."

Sai ta nuna mini farin zoben da ke kafaɗar kowace kwalba, inda suke gugar juna a cikin kiret. Da faɗin zoben take sanin sau nawa kwalba ta je gidan mutane ta dawo. "Wannan yarinya ce, sau uku. Wannan ta yi goma sha biyu. Wannan kuwa gaishe ta, ta haura ashirin, ta san kicin ɗin garin nan fiye da ke." Na tsaya riƙe da ita ina lissafi a raina. Kilo ɗaya na gilas ya yi aikin kilo ashirin, kuma a fom ɗina babu shi ko sau ɗaya. Ranar da aka fasa shi ne kawai zai zama maki.

Na jira ta yi maganar takardar. Ba ta yi ba. Ta ba ni safar hannu ta roba ta ce, "Tunda kin zo, jera mini waɗancan, kuma kada ki haɗa bakinsu, ba sumba suka zo yi ba."

Kwalaben sun kai dubu ɗaya da ɗari tara da arba'in.

Litinin, 13 ga Nuwamba, 12:50 na rana

Okonogi-san ya zo da dabara, fuskarsa har sheƙi take. Wai a bar mutane su ci gaba da kawowa wurinmu, mu auna, mu rubuta, sannan maimakon motar niƙa sai mu miƙa wa Goggo. Lamba ta hau, kwalba ta samu, kowa ya huta. Na yarda da sauri. Na san saurin ya yi yawa, amma na yarda.

Da na kai wa Goggo maganar ta ci gaba da aikinta ta ce, "Wato sai kun fara kiranta shara sannan ku ba ni? Kwalbata ba shara ba ce, aro ake ɗauka a dawo da ita." Sannan ta ce, "To, kawo mu gani."

Laraba, 15 ga Nuwamba, 4:40 na yamma

Ɗari huɗu da goma muka kai mata. Ɗari da talatin ta ɗauka.

Sauran duk hagu. A wurinmu cikin manyan kwanduna ake jefa su tare da kwalaben magani da na jam, baki yana dukan baki. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne na masu himma. Dokarmu ta ce a ɓare takarda tas, matan garin nan kuwa in aka ce tas, to tas ɗin ne: da soson ƙarfe suka kankare, jikin gilas duk ya karce. Goggo ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan matar limamin haikali ce, na san hannunta. Ko mijin haka take wanke shi, shi ya sa ba shi da gashi."

Na yi dariya, sai dariyar ta juye mini. Na fita bayan rumfa na daɗe. Da na dawo ta ajiye mini shayi a kan kiret ba ta dube ni ba.

Dubu biyu da saba'in. Saura kwana goma sha shida.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, 3:10 na rana

Na buga waya babban birni, ofishin da ke karɓar fom ɗinmu. Wani mutum mai sanyin murya ya ɗauka. Na tambaye shi a wane gurbi ake rubuta kwalbar da ta zagaya sau ashirin ba a zubar ba. Ya ce a wannan fom ɗin babu, domin shi abin da aka fitar yake ƙirgawa. Na ɗauka nan zai sallame ni, sai ya ce, "Sau ashirin kika ce? Wa ya ƙirga?" Na ba shi labarin zoben. Na ji yana rubutu. Ya ce sun daɗe suna neman hanyar da za su auna irin wannan, wahalarsu ita ce babu mai kawo musu lamba, domin masu aikin ba sa rubutawa. Ya roƙe ni in na ƙirga in aiko masa a takarda daban, ba zai ƙara mana maki ba, amma zai karanta.

Na ajiye waya ina jin daɗi da haushi tare. Ashe ba fom ɗin ne ya ce a fasa kwalba ba. Fom tambaya ya yi kawai.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, 6:50 na yamma

To, bari in rubuta, tunda littafina ne.

Ni na rubuta takardar Yuni. Babu wanda ya sa ni. Na zauna na duba wane abu ne mai nauyi da bai biyo ta sikelina ba, na ga manyan kwalabe, na rubuta cewa don darajar garinmu kowa ya riƙa kawo su ranar Laraba. Sau huɗu na gyara jimlolin don su shiga zuciya. Aka maƙala a allon sanarwa mai bin gida-gida, gidaje dubu da ɗari biyu suka karanta suka buga hatimi. Ban tuna da Goggo ba. Ba wai na auna na zaɓa ba ne, sam ba ta faɗo mini a rai ba, matar da take ba ni alewa ina 'yar shekara biyar.

Yau na rubuta wata. Gajeriya ce: takardar Yuni kuskure ce, ni Wakui Chizuru na yi shi, a mayar da kwalabe kanti kamar da, kada a ɓare komai, lambarmu za ta faɗi kuma laifin ba na kowa ba ne sai ni. Okonogi-san ya karanta ya ce ofis ba ya cewa ya yi kuskure a kan allo, ba zai buga hatimin sashe ba. Na ce ai ba ofis na ce ba. Ya zuƙi iska, ya daɗe, sannan ya ce, "Ni dai zan fita shan taba, kuma injin kwafi ban san wa ya bar shi a kunne ba."

Na buga nawa hatimin.

Asabar, 18 ga Nuwamba, 8:00 na safe

Allon sanarwa sati biyu yake yi kafin ya gama zagaye, mu kuwa ba mu da sati biyu. Ina zaune da tarin takardu ina tunanin ta inda zan fara, Mama ta ɗauki ɗaya ta karanta a tsaye. Ta sake karantawa. Ta ce, "Rubutun Yuni ya fi wannan daɗi." Sai ta raba tarin biyu ta zuba rabi a kwandon kekenta. "Ke ki ɗauki unguwar tudu, ƙafarki ta fi tawa. Kuma ki rusuna da kyau, ba irin rusunawarku ta ofis ba."

Lahadi, 19 ga Nuwamba, 5:45 na yamma

Ƙofa ɗari da sittin. Bayana kamar an daka. Mutum biyu ne kawai suka yi mini faɗa, kuma sun yi daidai.

Laraba, 22 ga Nuwamba, 1:00 na rana

Ranar tara gilas, babbar kwalba ko ɗaya ba ta zo ba. Sikeli ya wuni yana hutu. Dattijon nan ya zo da kwalaben magani biyu ya ce, "Chizu-chan, to yanzu mutanen ƙasan kogi fa?" Na ce sun tafi sun bar mu. Ya ce, "Oho, su je, dama can shoyunsu ruwa ne."

Matsalar ita ce kwalba ba ta ƙarewa don an yi sanarwa. Gida ɗaya wata biyu yake yi kafin ya shanye guda. Waɗanda muka niƙa tun Yuni kuwa sun tafi.

Dubu biyu da ɗari shida.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, 4:30 na yamma

Yau hutu ne, na wuni a rumfa. Ban san wa ya fara ba. Wajen ƙarfe goma mata suka fara zuwa da kwalabe masu ɗanyen shoyu a gindi. Ashe juyewa suke yi a duk abin da suka samu, tukunya, butar shayi, kwanon miya, don su kawo kwalbar. Wata ta ce mijinta ya tashi da safe ya tsiyaya daga buta ya kurɓa, har yanzu yana bakin famfo. Wasu sun shiga rumbunan kakanni sun fito da kwalaben da aka ajiye tsaba a ciki. Wani manomi ya kawo goma sha takwas da ya kafa a gefen lambu don korar ɓeraye, da ƙasarsu da komai. Mai gidan taliya ya kawo arba'in ya ce sati guda duk wanda ya shigo shagonsa gishiri zai sha, kada a kawo masa ƙara.

Babu wanda ya yi jawabi. Su ajiye, su rusuna wa Goggo, su ce a yi haƙuri da ƙanƙantarsa, su tafi. Mutanen da suka bi takardata ta farko har ta kusa kashe rumfar nan, su ne dai suke bin ta biyu da irin wannan himma. Ina son mutanen garin nan, kuma yau na ji tsoron alƙalamina.

Goggo kuwa ko a jikinta. Yatsa, hanci, taga, dama ko hagu. Na manomin, bakwai ta ɗauka.

Dubu uku da ɗari tara.

Asabar, 25 ga Nuwamba, 6:00 na yamma

Ina rubuta zoben kowace kwalba kamar yadda take faɗa, don mutumin babban birni. Ta ce, "Shekara hamsin ina yi ba wanda ya tambaya, yanzu da na kusa mutuwa za a sa ni a littafi."

Dubu huɗu da ɗari bakwai.

Talata, 28 ga Nuwamba, 7:10 na safe

Yatsunta sun kumbura, babban yatsan dama ya tsage. Ta ɗaure da filasta, sai ta ce ba ta jin bakin kwalba ta cikinsa, ta cire. Aikin wata uku take yi a sati biyu. Mama tana kai mata abinci tana yi mata faɗa, ita kuma tana cewa, "Kikue, tun muna aji ɗaya bakinki ya fi hannunki aiki."

Alhamis, 30 ga Nuwamba, 5:50 na yamma

Dubu biyar da ɗari shida da arba'in. Kwalaben gari sun ƙare, babu gidan da ba a girgiza ba.

A tarin hagu akwai sama da ɗari huɗu waɗanda ni ko da tabarau ba na ganin aibinsu. Na ce, "Goggo, ki bar ɗari uku da sittin su wuce, wa zai sani?" Na roƙe ta sosai, har na riƙe mata hannun riga kamar yarinya. Ta zare hannunta a hankali ta ce, "Wato ke har yanzu lamba kike so ta cika." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Ta rubuta 5,640 da alli a jikin ƙofa, ta kashe inji.

Juma'a, 1 ga Disamba, 12:20 na rana

Yanase-san ya zo da ƙarfe bakwai da motarsa. Ya karanta ƙofa. Ya shiga ya zaro kwalba daga tsakiyar kiret, ya ɗaga wa taga, ya mayar, ya zaro wata. Ya ce, "Saura ɗari uku da sittin." Goggo ta ce, "Na iya ƙirga."

Ya sa hularsa, ya sake cirewa. Ya ce ragowar shoyun zai bar shi a ganga har kwalabe su fara dawowa a Fabrairu, mutum ɗari uku da sittin za su karɓi kyautarsu a makare, shi zai bi su ya ba da haƙuri. Injin kwali kuwa ya ce wa dillalin da ke sayar da shi ba bana ba. "Ba bana ba" ya ce, bai ce har abada ba, na lura, ita ma ta lura. Ta ce, "To, lodi. Kuma kada ku haɗa bakinsu."

Na yi lissafin wata kafin in fito: in aka tafi a haka, talatin da shida za mu samu, mafi ƙanƙanta tun da na kama aiki. Ranar Litinin ni zan tsaya gaban majalisar gari in faɗa.

Da motar ta tafi muka zauna a kan kiret, tana jiƙa hannunta a ruwan ɗumi. Sai na faɗi abin da na yi sati uku ina taunawa. Na durƙusa na ce, "Goggo, takardar Yuni, ni ce. Ki gafarce ni."

Ta ce, "Tashi, ƙasan akwai soda. Ai tun Yuni na sani, wa ya iya irin wannan rubutun a ofishinku? Okonogi?" Ta juya hannunta a ruwa. "Takardarki ta yi kyau, Chizu-chan. Na karanta sau biyu, na ji garinmu ya ba ni tausayi. Larabar farko ni ma na bi layi na kai guda biyu. Ke kika karɓa, kika ce mini na gode."

Na duba littafin sikeli da na dawo ofis. Laraba, 14 ga Yuni, layi na tara, Kuramochi Tsuneyo, gilas, kilo ɗaya da ɗigo tara. Rubutun hannuna ne.